Hattara da mai sayar da "batirin hunturu" a Katsina

Assalamu alaikum 'yan'uwa kafintoci, masu rufin kwano, masu aikin alminiyam da masu ɗaura sola. Akwai wani mutum da ya shigo mana gari tun farkon saukar buji, yana bi shago-shago daga wajen Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, yana kuma tura hotuna a zaurukan WhatsApp. Abin da yake sayarwa batirin diril ne, wanda ya raɗa wa suna "batirin hunturu". Cewa yake sanyin bana zai kashe duk batirin da muke da shi, nasa kuwa an ƙera shi ne don ƙasashen ƙanƙara, kuma da 'yar adaftar da yake haɗawa da ita zai hau kowane inji. Ni ma na faɗa hannunsa. Biyu na saya, yarona ya sayi ɗaya da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, kuma na yaron nan ne ya fi ci mini rai.

Sati guda bai cika ba, ina saman rufi ina ɗaure kwano, batirin ya mutu kafin in gama layi ɗaya. Da na taɓa shi sai da na janye hannu don zafi. Na kira mutumin, sai ya ce ai na bar shi ya kwana a sanyi ne. Ku duba fa, da sanyi ya tallata kayan, da sanyi kuma ya kare kansa. Kwana biyu bayan nan lambar ta daina shiga.

Na kwance su duka ukun a gaban mai gyaran da nake kai wa injina. A jiki an buga 128V da 9.0Ah da manyan haruffa, V wato ƙarfin wutar batirin, Ah kuma yawan wutar da yake iya riƙewa. A ciki ƙwayoyi biyar ne kacal, irin dogayen nan da ake kira 18650, launinsu ma bai zo ɗaya ba, kuma ga tabon tsohuwar walda a kawunansu. Tsofaffin ƙwayoyin batirin laftof ne aka tattaro aka sa wa sabuwar riga.

Lissafin ba wuya gare shi ba, kuma da na san shi tun farko da kuɗina na aljihuna. Kowace ƙwaya 3.6V take bayarwa, in ta cika fal ta kai wajen 4.2V. Biyar a jere su ne 18V, a cike kuma 20V ko 21V. Shi ya sa 18V da 20V da kuke gani a jikin injuna abu ɗaya ne, wajen rubutawa kawai aka bambanta; DeWalt ma, kamfanin ƙera irin waɗannan injuna, 20V MAX take rubutawa a Amurka, a Turai ta rubuta 18V. To 128V daga ina? Sai an jera ƙwaya sama da talatin. Haka zancen 9.0Ah. Ƙwayar 18650 da ake sa wa kayan aiki ba ta cika wuce 3.0Ah ba, kuma jera biyar ba ya ƙara wannan adadin ko kaɗan. Batirin 5.0Ah na gaskiya ƙwaya goma ne a cikinsa, layi biyu na biyar-biyar, kowace tana da nauyin kusan giram 45, don haka in ka ɗora shi a sikeli, haɗe da nauyin rigarsa, ya haura rabin kilo. Mai 9.0Ah na gaskiya kuwa ya fi kilo guda. Nasa ka ɗauka ka ji shi sakayau kamar ba komai a ciki. Su kuma ƙwayoyin laftof an yi su ne don wuta ta riƙa fita a hankali, diril kuwa in ya kama ƙarfe fizgar wuta yake, shi ne zafin da na ji a hannuna. Irin wannan zafin ne ke kai batir ga kumburi ko kamawa da wuta, a shagon da ke cike da katako da tina, ruwan tsarma fentin nan mai saurin kama wuta.

Maganar sanyi akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma da wannan ƙamshin yake kama mutane. Batirin litiyam yana yin sanyin jiki idan gari ya yi sanyi, kuma yi masa caji a ƙasa da digiri 0, wato inda ruwa ke daskarewa, yana lalata shi har abada. Amma wannan damuwar mutanen Kanada ce da Rasha. Mu nan, ko a tsakiyar Janairu da asuba, da wuya sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10. Iyakar abin da za ka gani shi ne injin ya ɗan yi nauyi da sassafe, kana fara aiki ya ɗumama ya dawo daidai. In ma hankalinka bai kwanta ba, ka shiga da batirin ɗaki ya kwana. Abin da ke cinye mana batir a Katsina zafin Afrilu da Mayu ne, lokacin da rana ke haura digiri 40, mu bar shi a kan kwano ko cikin but ɗin mota, mu sauko mu danna shi a caja yana tiriri. Makita da DeWalt duk sun rubuta a littattafansu cewa kada a yi caji sama da digiri 40. Wanda ya damu da kayanmu da gaske, wannan zai faɗa mana.

Sai batun "yana hawa kowane inji". Babu wannan batirin. Makita da nata bakin da batir ke zama a jikin inji, DeWalt da nata, Milwaukee da nata. Bosch ma kamfani ɗaya ne, amma batirin shuɗin injinta ba ya hawa kore. Adafta na iya sa bakin ya zauna, injin ya juya, sai dai wasu kamfanonin a cikin inji suka sa abin da ke yanke wuta idan batir ya kusa ƙarewa, wasu kuma a cikin batirin. In ka gauraya ta adafta, kana iya wayar gari babu mai yankewar, ka tatse batirin har ya ƙi karɓar caji. Kuma don Allah kada kowa ya yi caji ta cikin adafta. Kowane batir da cajarsa.

In ya zo shagonka, kada ka biya a tsaye, kada ka yi masa tiransifa a kan hoto. Ka ce a je wurin mai nama ko mai siminti a ɗora batirin a sikeli, ka sa mita ka ga abin da yake bayarwa, sannan ka huda ƙarfe da shi na minti goma ka taɓa jikinsa. Ka tambaye shi shagonsa da rasit. Ni da na tambaya, cewa ya yi kayan na hanya daga Legas, shago sai bayan Sallah, na kuma yarda saboda ya zo da sallama da fara'a, yana ta kirana Malam.

Na ji an ce ya fara leƙa Daura da Mashi, don haka mai ɗan'uwa a sana'ar can ya tura masa wannan. Wanda kuma ya riga ya saya, ya daina sa shi a caji, kada ya jefa shi a bola inda ake cinna wuta ko yara su tsinta. Namu ukun suna cikin bokitin yashi a bayan shago, nesa da katako, duk mai son ganin cikinsu da idonsa zan buɗe masa.