Na sayi farantan paralelizim, ga yadda muka ƙare da su

Jama'a masu mota a Garwa, wata uku kenan ina amfani da farantan nan na auna paralelizim a gida, wato saitin miƙewar tayoyin gaban mota, wanda 'yan Najeriya ke ce ma alaimen. Faranti ne biyu na alminiyom da tef ɗin awo guda biyu da muke ce ma mita, ɗan ƙanwata ya taho min da su daga Duwala.

Abin da ya sa na nema, tsohuwar Corolla ta ce ke cinye min tayoyin gaba ta ciki kawai, waje kuwa sabo fil kamar jiya aka sa, in ka shafa hannu a kai sai ka ji kamar haƙoran zarto. Ni kuma kusan duk sati ina kan hanyar Marwa, wajen kilomita 200 ce, ga ramuka ga manyan motocin siminti na Figil da ke tilasta maka sauka gefen kwalta ko kana so ko ba ka so.

Yadda ake aikin ba wuya. Ka samu daɓen siminti wanda ya miƙe, ka daidaita iskar taya tukuna, ka jingina faranti a jikin kowace tayar gaba, ka ratsa mita ɗaya ta gaba ɗaya ta baya sai ka karanta. Nawa ta gaba ta fi ta baya da milimita 7, wato ƙafafun sun buɗe baki kamar tafiyar agwagwa, shi ne ke cin taya ta ciki, alhali irin motar nan bambancin bai kamata ya wuce milimita 1 ko 2 ba. Sai ka sassauta noti na biyelet ɗin sitiyari, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ka juya sandar rabi rabi, hagu da dama daidai wa daida, in ka juya gefe guda kawai sitiyarinka zai karkace kana tafiya miƙe shi yana kallon garin Pitowa. Kuma duk juyi ɗaya sai ka tura motar baya ka dawo da ita gaba kafin ka sake awo, in ba haka ba roba ta riƙe ƙasa ƙarya za ta ba ka.

To ga inda na ci ƙasa. Ranar farko na yi awa biyu a ƙarƙashin mota cikin zafin watan Afrilu, na samu milimita 1 cif, har ina yi wa maiɗakina fankama. Na je unguwar Rumde Ajiya na dawo, na sake awo don jin daɗi kawai, sai ga 5. Na gyara, washegari 4 ta ɗaya ɓangaren. Wallahi har na fara zagin farantan a raina ina cewa kayan banza yaron nan ya kwaso min.

Wani dattijon makanike a layinmu ne ya leƙo, bai ko kalli farantan ba, ya ce Alhaji ɗaga ta da jak. Ya kama tayar dama hannu ɗaya gaba ɗaya baya ya girgiza, sai ji kake ƙwas ƙwas. Ya ce rotil ɗinka ya mutu, wato gaɓar nan mai kan ƙwallo da ke ƙarshen biyelet, ko injin kwamfuta ka hau awon ba zai zauna ba. Na ce baba ai da na sani. Muka canza rotil, na sake saiti sau ɗaya, yau wata biyu da rabi bai motsa ba, tayoyin okaziyo, wato na hannu, da na sa suna ci daidai.

Aibinsu dai, buɗewa da tsukewar ƙafa kawai suke aunawa. In taya ta kwanta ciki don ka daki rami wani ƙarfe ya lanƙwashe, ba ruwansu, wannan sai gareji mai inji. Ba sa gaya maka ko sitiyari na tsakiya, kai za ka lura. Taya mai kumburi a gefe ita ma tana ɓata awon, kuma mitocin da suka zo da su lagwai lagwai ne, ɗaya har ta fara gogewa, na sayi wasu a babbar kasuwa.

Zan ce a saya in kana bin doguwar hanya kullum kuma ba ka ƙyamar baƙin mai a farce. Mai motar zuwa ofis da masallaci kuwa ya bar kuɗinsa. Masu son aro kuma, maƙwabcina mai Carina ya karɓa tun ranar Juma'a har yanzu bai dawo da su ba.