Bita kan Metra 70-1761, mahaɗin da ke hana a yanke wayoyin tsohuwar Toyota

Duk wanda ya ciro rediyon asali daga dashbod ɗin tsohuwar mota da niyyar saka sabo, abu na farko da yake cin karo da shi shi ne fulogin motar bai dace da na sabon rediyon ba. A nan ne da yawa daga masu wayarin suke ɗauko filaya su datse fulogin, sannan su shiga murɗa wayoyi da hannu suna naɗe su da salatef. Mahaɗin da kamfanin Metra na Amurka ke sayarwa da lamba 70-1761 an yi shi ne don kada a kai ga wannan yanka, kuma a ganina ya cancanci a san shi fiye da yadda aka san shi.

Kayan ba shi da wani kwarjini a ido. Soket biyu ne na roba, ɗaya mai gurbin fil 10, ɗaya mai gurbin fil 6, kowanne da gajerun wayoyi masu launi a bayansa. An ƙera su daidai da fulogi biyun da Toyota ta yi amfani da su a yawancin motocinta tun daga 1987, irin su Corolla da Camry. Babban soket ɗin yana ɗauke da wutar rediyo da lasifikokin gaba, ƙaramin kuma na lasifikokin baya ne. Ana haɗa wayoyinsa da na sabon rediyon a kan tebur, cikin haske da natsuwa, daga baya sai a je mota a cusa shi cikin fulogin asali har ya yi ƙas.

Amfaninsa na gaske yana cikin launukan. Rediyoyin da ake saye daban, irin na Pioneer, Kenwood, Sony da JVC, suna bin tsari ɗaya: rawaya ita ce wutar batir da ba ta yankewa, wadda ke riƙe agogo da tashoshin da aka adana, ja tana samun wuta ne idan an murza makulli, baƙa ita ce ake haɗawa da ƙarfen jikin mota. Fara ta lasifikar gaba ta hagu ce, ruwan toka ta gaba ta dama, koriya ta baya ta hagu, shunayya ta baya ta dama, kuma a kowane launi mai baƙin layi ita ce ta ɓangaren ragi, wato mai alamar (−). Mahaɗin yana bin wannan tsari sak, saboda haka aikin ya zama launi da launi. Toyota kuwa tana da nata tsarin da ya sha bamban. A yawancin tsofaffin motocinta, wutar batir tana zuwa ta shuɗiyar waya mai layin rawaya, wutar makulli ta ruwan toka, sannan ja, baƙa, rawaya da fara duk wayoyin lasifikokin baya ne. Wanda ya yanke fulogi ya haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, yana zaton ya ba rediyo wuta, a zahiri ya jona shi ne da lasifikoki. Mutum mai hankali ma yana iya faɗawa wannan rami, domin ido ne yake yaudararsa, kuma ko don wannan kaɗai ina ganin mahaɗin ya biya buƙata.

Sai dai bai ɗauke wa mai aiki dukan nauyi ba, kuma ya kamata a faɗi haka a fili. Haɗin da ke tsakaninsa da wayoyin rediyo hannunka ne zai yi shi. A liƙe da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, ko a matse da ƙananan bututun haɗa waya. Murɗawa da salatef ba ta jure zafin dashbod da girgizar hanya, kuma ranar da wayar batir ta kwance ta taɓa ƙarfe, fis ne zai ƙone idan an yi sa'a. Kafin a taɓa komai a cire kan batir na ɓangaren ragi. Akwai kuma batun baƙar waya: a wasu tsofaffin Toyota rediyon asali yana samun haɗinsa da jikin mota ta ƙarafan da aka ɗaure shi da su, don haka gurbin da ke fuskantar baƙar wayar mahaɗin yana iya zama fanko a fulogin motar. A duba da ido, a gwada da mitar auna wutar lantarki, in babu komai a wurin a ɗaure baƙar wayar rediyon da kusa a jikin ƙarfe mai tsabta marar fenti. Haka nan kada a rikita shuɗiya zalla, wadda ke ɗaga eriya mai tashi da kanta, da shuɗiya mai farin layi, wadda ke kunna amfilifaya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti. A rediyoyi da yawa ta farkon tana ba da wuta ne kawai lokacin da ake sauraron tasha, shi ya sa wanda ya jona amfilifaya da ita yake rasa sauti da zarar ya koma kan faifai ko Bluetooth.

Inda mahaɗin bai kai ba shi ne motocin da suka zo da amfilifaya daga masana'anta, kamar Toyota masu tsarin sauti na JBL. Fulogin bayan rediyonsu daban yake, kuma suna buƙatar mahaɗi na musamman. Mahaɗin kuma ba ya ɗauke da wayoyin maɓallan sarrafa rediyo da ke jikin sitiyari, ba ruwansa da fulogin eriya, ba ya cike ratar da ke saura idan an saka rediyo mai tsayin milimita 50 a gurbin mai milimita 100. Waɗannan kaya ne daban. Masu motocin Turai kuma ba nasu ba ne, domin su galibi tsarin fulogin rediyo mai suna ISO 10487 suke bi, inda a wasu Volkswagen, Audi da Opel ake samun wutar batir da ta makulli sun musanya gurbi, rediyo ya riƙa manta tashoshinsa duk lokacin da aka kashe mota.

Kasuwa cike take da kwaikwayo marasa suna masu kama da shi, kuma ina ba da shawarar a riƙe kayan a hannu kafin a amince. A ja kowace waya a hankali a ga ko fil ɗin zai biyo ta, a fere ƙarshenta a ga kaurin jan ƙarfen da ke ciki, domin wata robar ce mai kauri, cikinta kuwa silili.

Ga mai Toyota ta shekarun 1990 ko 2000 marar amfilifaya, wadda fuloginta ke nan lafiya, ina ba da shawarar wannan mahaɗi ba tare da shakka ba, kuma yana barin damar mayar da rediyon asali ranar da za a sayar da motar. Idan kuwa wani ya riga ya datse fulogin, 70-1761 ba shi da inda zai shiga. Abin nema shi ne ɗan'uwansa mai lamba 71-1761, wanda ke maye gurbin fulogin da aka yanke. Kafin a ɗaura shi sai an tantance kowace waya: mita za ta nuna wadda ke da volt 12 kullum da wadda ke jiran makulli, ƙaramin batir mai volt 1.5 kuma, idan aka taɓa shi da wayoyin lasifika biyu na ɗan lokaci, zai sa lasifikar ta yi ƙara ta nuna gefen da take.