Keken lantarki in batir ya mutu: abin da na gani cikin wata bakwai

Salamu alaikum jama'a. Tun da na fara hawa wanga keke mai batir kusan duk inda na tsaya tambaya ɗaya ake min, wai in caji ya ƙare a hanya ya kake yi, turawa kake ko ana iya tuƙa shi kamar keken gida? To yau bari in ba da amsa yadda na gani da ƙafafuna, don wata bakwai kenan ina hawansa kullum daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa a nan Maradi.

Nawa ɗan Chana ne, injin yana cikin tayar baya, wat 250, batir lithium mai bolt 36, yana da giya 7 ta Shimano. In ya cika caji wallahi ba ni da abin cewa, ba ƙara ba hayaƙi ba sayen mai, kuɗin da nake ba 'yan kabu-kabu da can yanzu cefane suke shiga. Cajin kan ɗauki awa biyar zuwa shida, kuma nan ne matsalar take tunda kun san yanayin kuran, wato wutar lantarki, a Maradi, tun ba lokacin zafi ba, sai ka jona da dare ka kwanta ka tashi ka iske sanda biyu kawai ta hau. Shi ya sa dole na koyi tuƙa shi ba inji.

Ana iya tuƙawa, wannan gaskiya ne. Feda tana juyawa, kaca tana ja, birki yana kamawa tunda na waya ne ba ruwansa da batir. Amma kar kowa ya ce maka daidai yake da keken gida. Na ɗora shi a sikelin wani mai hatsi a kasuwa ya ba da kilo 26, shi ko keken da muka saba bai cika wuce kilo 15 ko 16 ba, kenan kamar ka ɗaura tiya huɗu ta gero a kariya kana yawo da ita duk inda za ka. A kan kwalta mai shimfiɗe ba ka ji sosai, tashin farko ne kawai ke da nauyi, da ya ɗau gudu sai ya riƙa tafiya lafiya lau. Inda ake jin jiki wuri biyu ne, rairayi da hawa.

Ranar da na gane haka sosai na je Tibiri ne, garin da ke kusa da Maradi, wata Laraba, na fito da sanda uku ina ganin za ta kai ni ta dawo da ni, ashe iska tana gabana a dawowa, kuma iska tana cin batir fiye da yadda mutum ke zato. Saura kaɗan in shigo gari allon ya yi ƙyaf ƙyaf ya ɗauke. Na sauke giya zuwa ta biyu na ci gaba da takawa a hankali, gumi har cikin ido, riga ta manne a baya, amma ban sauka ba sai da na bar kwalta na shiga layin gidanmu inda yashi ke da zurfi, nan kam tayar baya ta nutse don duk nauyin injin a can yake, sai da na sauka na tura kamar taku hamsin. Haka ma in ka gangara wajen gulbi gun masu lambu, dawowa sama aiki ne, kun san garin nan a kan tudu yake tun da ambaliyar 1945 ta sa aka taso daga kwari. Da giya ta ɗaya ana hawa, sannu sannu dai, ba gaggawa.

Wani dattijo mai gyaran keke da nake kai wa shi ne ya buɗe min ido kan abu guda da ban sani ba. Ya ɗaga tayar baya ya juya ta da hannu, ta yi ta juyawa da kanta, sai ya ce ɗana ka yi sa'a, naka irin mai sakin taya ne. Na ce Baba ya kake nufi? Ashe injin cikin taya iri biyu ne. Akwai ƙarami mai haƙora a ciki wanda in ba wuta yana sakin tayar ta yi tafiyarta, akwai kuma babba mai faɗi kamar faranti wanda maganaɗisunsa ke riƙe tayar, kana takawa kana jin kamar wani ya kama kariya yana ja baya kaɗan kaɗan. Don Allah duk mai niyyar saye ya yi wannan gwajin a gaban mai shago, ka kashe makulli, ka ɗaga taya ka juya, sannan ka hau ka zaga layin sau ɗaya ba inji. In bai yarda ka gwada ba ka ƙara gaba.

Sai maganar da ta fi ɓata min rai, wanda ya sayar min ya ce wai in ina taka feda batir yana cika kansa. Ba haka ba ne sam, na taka kilomita da kilomita ko sanda ɗaya bata ƙaru ba. Masu babban injin nan ne kawai wasunsu ke maida ɗan caji in an taka birki ko a gangara, shi ma ɗan kaɗan ne. Ban ji daɗi ba don talaka ke tara kuɗinsa ya saya, ya kamata a faɗa masa gaskiya. Waɗanda kuma suke kama da ƙaramin babur masu batir irin na dalma da 'yar feda gajera da sirdi can ƙasa, na gwada na wani maƙwabcina, gwiwa har tana neman taɓa ƙirji, ba giya, nauyi ya ninka, wannan in ya mutu turawa ce kawai.

Yanzu dabarata ita ce da safe da sanyi ina sa shi a sifili, allo a kunne amma injin bai taimakawa, in taka da kaina har kasuwa, in aje cajin don dawowar rana da kaya. Haka caji ɗaya yake kai ni kwana uku maimakon biyu. Ina duba iskar taya duk bayan kwana biyu don taya mai laushi a wanga nauyi azaba ce, ina goge kaca in sa mata mai kaɗan saboda ƙura, kuma ba na barin batir a rana ko in jona shi yana da zafi, lithium ba ya son zafi kuma kun san watan Afrilu a nan ana wuce digiri 40. In na san caji ya ƙare tun daga gida sai in cire batir ɗin gaba ɗaya in bar shi a ɗaki, kilo uku ya ragu kenan, fitila ce kawai ba za ta kama ba don haka da dare ba na yin haka.

Da inji na ba shi tara cikin goma. Ba inji shida, kuma giyar nan 7 ce ta sa ya samu shidan. Ƙanena yana son saye bayan girbi, na ce masa ranar tare za mu je shagon.