Tsohuwar Mark 4 ko bindigar tokar gida?

Ƙanena, tsohuwar bindigar sojan nan da aka yi maka tallarta, bar wa mai ita kayarsa. Tsakaninta da bindigar tokar kakanku, wadda ka ce tana jingine a ɗakin kawunka tsatsa na cin ta, ta gidan za ka ɗauko ka gyara. Ni irinta ce a hannuna, ta mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, kuma da ita nake fita duk ranar hawa.

Yadda ka siffanta waccan, katako har kusa da baki, da ƙarfe a gefen dama da ake ɗagawa a ja baya a mayar, Lee-Enfield ce ƙirar Ingila, wadda muka taso muna gani a kafaɗar 'yan sanda ana ce mata Mark 4. Bindiga ce, ban musa ba. Tana cin harsashi 10 na .303, nauyinta ya kai kilo 4, sojan Ingila sun karɓe ta a 1941, kuma danginta ne mutanenmu suka riƙe a yaƙin Bama, wato Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82. Iyakar yabon da za ta samu a bakina ke nan.

Dokar bindigogi ta ƙasar nan, ta 1959, ta raba su gida uku. Gida na farko na haramtattu ne, kuma a nan aka jera bindigogin soja da awon harsashinsu: 7.62, 9, .300 da .303. Ka ga .303 ɗin nan da sunanta aka rubuta ta, lasisinta kuwa sai da sa hannun Shugaban Ƙasa. Gida na biyu su ne irin mai baki ɗaya da mai baki biyu na farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Gida na uku shi ne namu, masu ɗuri ta baki, wato ta toka da mai ƙyastu, waɗannan maganarsu a hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha take. Wanda aka kama da ta gidan farko ba izini, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ai ta tsufa, ko ba ta tashi, ado kawai za ka yi da ita a bango. Dokar ba ta duba shekarun bindiga ba, ko wani sashe nata aka samu a ɗakinka, bindiga aka samu. A zamanin nan da ko adda aka gan ka da ita a hanyar daji sai ka yi bayani, wa zai tsaya sauraron labarin kayan tarihi a shingen bincike?

Na san abin da ya sa maka sha'awa, Turawan nan ne da ake gani a YouTube suna kwance tsofaffin bindigogi suna wankewa har su dawo suna ƙyalli. A Amurka gwamnatoci ne suka yi gwanjon rarar makaman yaƙi, 'yan kasuwa suka shigo da su da takarda, mutum ya saya a shago da sunansa a rubuce. Mu nan yaushe ka taɓa jin an yi gwanjon bindigogin soja ga jama'a? To duk Mark 4 da ka gani a hannun mutum a ƙauye, ko ta bayan gida ta fita daga ma'ajiyar hukuma, ko ta kan iyaka ta shigo, kuma ba ka san me aka yi da ita ba kafin ta iso gare ka. Lambar da ke jikinta tana iya kasancewa a cikin fayil ɗin wani fashi da aka yi tun kana firamare.

A ce ma babu doka, gyaranta ya fi ƙarfin ƙauye. Tsofaffin harsasan soja na wancan lokaci suna barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi, in ba a wanke nan take ba sai ya jawo laima ya ci ƙarfen ta ciki, waje kuwa lafiya lau. Wasu bindigogin kuma Ingila da kanta ta buga musu haruffa DP, alamar cewa na fareti ne kawai, ba a yarda a harba su ba. Ga ƙarfen nan da ake ja baya: yana da lamba, dole ta yi daidai da ta jikin bindigar, domin tazarar da ke tsakaninsa da gindin harsashi da ma'auni na musamman ake auna ta. In an ɗauko na wata an saka, kwanson yana iya fashewa, wuta ta dawo fuskar mai harbi. Wane maƙeri ne daga Ringim har Gumel yake da wannan ma'auni? Harsashin ma ba a shago ake sayar da shi ba, kuma mai sayar da shi ba mutumin da kake so lambarsa ta zauna a wayarka ba ne.

Tamu kuwa, da aka raba gado ba wanda ya kalle ta. Gara ta ci gindin ƙotar, fatar da aka naɗe ta da ita ta bushe ta tsattsage, kunamar ta ƙage. Sarkin Bakan garinmu ne ya haɗa ni da wani tsohon maƙeri mai takardar izinin gyara, domin gyaran bindiga ma ba kowa doka ta yardar wa ba. Tsohon nan bai ce min komai ba, sai ya juya bakinta wajen katanga, ya zura sandar ɗuri a ciki, ya sa alama da farce, ya zaro ya gwada ta waje. Sandar ba ta kai ƙarshe ba. Ashe da ɗurinta aka jingine ta, shekara da shekaru yara suna wasa a gindinta. Don haka ranar da ka ɗauko ta kakanku, ka ɗauka a ɗure take, kada ka leƙa bakinta, kada ka taɓa kunama, kada kuma ka kai ta kusa da wuta da sunan gasa tsatsa.

Sauran aikin haƙuri ne kawai. Ya jiƙa ƙarfen da kananzir ya bar shi ya sha, yana gogewa da samfefa mai laushi a hankali, ya hana ni kai ta wajen masu injin gurza, wai injin ƙarfe yake ci, ba tsatsa ba. Kafinta ya yanke inda gara ta ɓata ya haɗa da guntun maɗaci, muka yi ta shafa wa katakon man kaɗe yana shanyewa. Baduku ya sake mata naɗi da jar fata, ya mayar da layun da ke wuyanta yadda ya same su, ban buɗe ko ɗaya ba. Akwai wani wuri a ƙotar da ya yi baƙi ya yi santsi, inda tafin hannun Baba yake zama, kafinta ya so ya kankare don launi ya daidaita, na ce ya bar min shi. Gwajin farko ma ba a kafaɗar kowa aka yi ba, a jikin bishiya maƙerin ya ɗaure ta can bayan gari, ya ja da igiya daga nesa. Ranar hawan ƙaramar Sallah da na fito da ita cikin 'yan bindigar hakimi, gwaggonmu tana tsaye a ƙofar gida, tun daga nesa ta gane ta, ta rangaɗa guɗa tana kiran sunan ɗan'uwanta. Wannan kam ba za ka same shi a bindigar da ka saya a hannun baƙo ba.

Ba na ce ba ta da aibi. Harba-ka-ruga ce, ɗuri ɗaya harbi ɗaya, ba ta kai nisa, da damina kuma in albarushi ya sha laima sai ta ba ka kunya a gaban mutane. Amma me za ka yi da ita? Hawan Sallah, tarbar ango, korar biri daga masara, firgita jan-baki in sun sauka a shinkafa. Duk ƙara ake nema, ita kuwa ƙara ce sana'arta. In kuma a zuciyarka maganar ɓarayi ce, to ka faɗa fili, amsar daban ce: ka shiga 'yan bangan da dagaci da 'yan sanda suka san da su. Mai baki ɗaya ita ce tsaka-tsaki ga mai farauta sosai, sai dai a watan Agusta na 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, saboda haka ka tambayi halin da ake ciki a ofis kafin ka ba kowa ko sisi.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa. Masu tallar irin waɗannan kaya labarinsu ɗaya ne: kakana ne ya dawo da ita daga Bama. Tsofaffin sojan da muka sani da lambobin yabo suka dawo, da kaki da takalmi, bindiga kuwa a bariki aka karɓe ta ranar sallama. Wani zai nuna maka kwafin lasisi mai sunan wani mutum, ya ce tare da ita ake sayarwa, alhali lasisi na mai sunan ne, ba ya bin bindiga hannu zuwa hannu. Wani ya goge lambar da zarto ya shafa baƙin mai a wurin. Mafi sharrinsu shi ne wanda zai sayar maka da yamma, da asuba a buga maka ƙofa, ka rasa bindiga, ka rasa kuɗi, ka sayar da bijimi kana neman beli. In ka ga ana gaggawa, ana cewa kada kowa ya ji, farashi kuma ya yi sauƙin da ya ba ka mamaki, ka tuna araha ba ta ado.

Ko a ta tokar ma akwai mugaye. Akwai masu ɗaukar bututun ruwa su yi masa baƙin fenti su ce tsohuwar ƙira ce, akwai masu toshe tsaga da walda ko da abin cikon masu gyaran jikin mota. Shi ya sa na fi son ta gidanku, an san wanda ya ƙera ta, an san hannun da ta zauna. Kuma duk wanda ya ce ka fasa harsashin zamani ka zuba garinsa a cikinta don ta ƙara ƙarfi, yatsunka yake so ka rasa, domin ba a yi bututunta don wannan garin ba.

Ka sayi goro ka je wajen kawu, tunda kayan gado ne, a yi magana a gaban sauran magada kada gobe a ce ka ɗauke. Daga nan ka sanar da mai unguwa da Sarkin Baka, ka je ofishin 'yan sandan ƙaramar hukumarku su nuna maka yadda takarda ke zuwa Dutse, ko Bompai in a Kano kake. In ta gyaru, kada ka shiga da ita Baturiya ko Falgore, dazukan hukuma ne, an hana farauta a ciki. Shi kuma mai Mark 4, in ya ce to ka ajiye masa ita kwana biyu kafin ya sami mai saye, kada ka karɓa, ko a rumbu ne.