Murfin zarto biyu, damina ɗaya a Badagiri

Aikina sare itace da zarto mai inji, yawanci a gonakin kwakwa na Badagiri, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri dare da rana. Bara murfin gefe na zartona biyu suka fashe, wanda ke rufe sarƙa. Ɗaya na saya masa na asali, a cikinsa an buga AZ91D. Ɗayan kuwa kuɗi suka gaza, na ɗauki mai araha wanda babu ko lamba a jikinsa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ai duk magniziyam ne." Wato wani ƙarfe mara nauyi. Gaskiyarsa, a hannu nauyinsu ɗaya.

Kafin damina ta yi nisa bambanci ya fito. Ranar da na kwance mai arahar, ƙarƙashin jiƙaƙƙen garin katako sai ga farin gari kamar alli, na kankare da farce, ramuka ƙanana birjik kamar cin gara, musamman gefen noti. Fentin ya kumbura ya ɓare. Na asalin, aiki iri ɗaya, ruwan kwakwa iri ɗaya, dusashewa kawai ya yi.

Abin ya ci mini rai har na bi diddigi. Lambar nan AZ91D tana nufin magniziyam da aka gauraya da alminiyom kashi 9 cikin 100 da tutiya kusan kashi 1. Harafin D ɗin shi ne maganar: alkawarin tsabta ne. A cikin tan guda, baƙin ƙarfe kada ya wuce giram 50, nikel giram 20, jan ƙarfe giram 300. Ku duba fa, tan guda! Dalili kuwa, waɗannan ba sa narkewa su saje da magniziyam, ƙwayoyi suke zama a ciki. Da ruwan gishiri ya taɓa, kowace ƙwaya ta zama kamar ƙaramin batir, magniziyam da ke kewaye da ita shi ke cinyewa. Tun 1942 masu binciken kamfanin Dow a Amurka suka nuna akwai iyaka ga yawan waɗannan ƙarafa a cikin magniziyam, da an haye ta lalacewar sai ta yi tsalle. Shi ya sa masu narkawa ke zuba ɗan manganis, wani ƙarfe daban, ya kama baƙin ƙarfen. Wanda ya narka tarkacen bola, da notina da wayoyi a ciki, ina zai kiyaye giram 50?

Ba na ce na asalin ba ya da aibu ba. Tsadarsa ta yi yawa, kuma shi ma in ka bar shi ya kwana da garin katakon kwakwa zai nuna maka. Yanzu kullum da yamma ina kwance murfin, in goge da buroshi, in shafa mai. Mai arahar bai kai kaka ba, kunnen notin ya gutsure ina tsakiyar aiki. Na koma shagon na ce a juya mini sabon in ga lambar kafin in ƙirga kuɗi.