Haɗa mai don ɗaga okten a injin jirgin ruwa: abin da za ka saya da abin da za ka bari

Duk mai jirgi a dam ɗin Zobe, Jibiya, Ajiwa ko Sabke a jihar Katsina ya taɓa jin wani ya ce a zuba wa fetur kaza, inji zai ƙara gudu. Kafin ka kashe kuɗi, ka san cewa okten ba ƙarfi ba ne. Lamba ce da ke nuna yadda fetur ke jure matsi da zafi a cikin silinda ba tare da ya kama wuta da kansa ba. Idan wutar da fulogi ya kunna ba ta gama cinye man ba, sai ragowar ta fashe ita kaɗai, fashewar tana dukan kan fistin. A mota za ka ji ƙyal-ƙyal ka ɗaga ƙafa. A kan ruwa ƙarar inji da ta iska sun rufe ta, kuma jirgi ba shi da gangara balle ya huta, farfela tana cikin ruwa tana ja tun daga tashi har isowa. Shi ya sa ɓarnar ke saurin zuwa: kan fistin ya yi rami-rami, bakin ringi ya karye, wani lokaci fistin ya huje.

Injin da ya samu okten ɗin da yake buƙata ba zai ƙara komai ba don an ba shi fiye da haka. Kuɗin ne kawai zai ƙone.

Saboda haka abu na farko shi ne littafin injin. Ana auna okten ta hanya biyu, RON da MON. Najeriya da Turai da RON suke aiki, Amurka kuwa tana haɗa biyun ta raba biyu, lambarta ta fito ƙasa da tamu da huɗu zuwa biyar. Injin da ya shigo daga Amurka da takardar 87 a jikinsa, RON 91 yake nufi. Injin da takardarsa ta ce 91 kuma yana neman RON 95 ko kusa da haka. Fetur ɗin gidan mai a ƙasar nan, idan ya cika ƙa'ida, yana wajen RON 90 zuwa 91. Injinan tu-sitirok da suka fi yawa a hannun masunta da masu fito, irin Yamaha Enduro 15, 25 da 40, matsin cikin silindarsu kaɗan ne, bai wuce ninki 6 zuwa 7 ba, kuma an ƙera su su sha fetur na yau da kullum. Mai irin wannan inji ba ya buƙatar haɗi ko kaɗan. Maganar ta shafi manyan injinan fo-sitirok masu doki 200 zuwa sama da littafinsu ya nemi 95, da babur ɗin ruwa mai cusa iska da ƙarfi, da injin da bakanike ya rage wa hed ko ya ƙara wa taimin.

Ko a nan ma, sau da yawa laifin ba na fetur ba ne. Ruwan dam ɗinmu laka gare shi, musamman da damina, yana cinye robar famfon ruwa, inji ya yi zafi ya fara dukan fistin. Farfela mai girma fiye da kima tana danne inji ya kasa kai juyin da aka rubuta masa, wanda ga Enduro 40 yake tsakanin 4,500 da 5,500 a minti. Dattin jet a kafireta yana rage mai ya bar iska ta yi yawa, baƙin gawayi a kan fistin yana ƙara matsi. Babu haɗin da zai gyara ɗaya daga cikin waɗannan. Ka kwance fulogi bayan tafiya mai nauyi: idan ka ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar azurfa a farin bakinsa, ko farin ya tsage, alminiyon fistin ne ya fara narkewa, a tsayar da injin.

Toluwin

Sinadarin masana'antu ne mai ruwa-ruwa, shi ne abin da masu haɗin man tsere suka fi dogara da shi, kuma dama yana cikin fetur tun daga matata. RON ɗinsa kusan 121 ne, lissafinsa kuma ba wuya: ka ninka litar kowane mai da okten ɗinsa, ka haɗa, ka raba da jimillar lita. Lita 18 na fetur mai 91 da lita 2 na toluwin suna ba da lita 20 mai kusan 94. Don samun 95 a tankin lita 25, fetur lita 21.7 ne da toluwin lita 3.3, wato kashi 13 cikin ɗari. Idan fetur ɗin da ka samu 89 ne ba 91 ba, wannan haɗin zai tsaya a 93, kuma ba ka da hanyar sanin haka a bakin dam, don haka kada ka tura inji iyakarsa a ranar farko.

Shawararmu kada ya wuce kashi 15. Toluwin ba ya tafasa sai a digiri 111, yana da nauyin zama tururi, da sanyin asuba na hunturu inji zai yi ta gardamar tashi. Ya fi fetur nauyi, yana barin gawayi idan ya yi yawa, kuma yana kumbura roba: tiyon mai, ƙwallon da ake matsawa a jawo mai, da robobin cikin kafireta. Tiyo ya yi laushi ko ƙwallon ya fara ɗanɗanƙo, a canza su nan take.

Babbar matsalarsa a Katsina samun na gaskiya ne. Tinar masu fenti ba toluwin zalla ba ce, gauraye ce da asiton da metanol da wasu abubuwa da ke sauyawa daga gwangwani zuwa gwangwani. Kada ta shiga tankinka. A nemi na masu sayar da sinadaran masana'antu, galibi a Kano, mai takarda a jikin duro da ke nuna kashi 99 ko kusa. Sannan wannan sinadarin ne ke bugar da yara a sholisho, yana lalata ƙwaƙwalwa. A ajiye shi a kulle, kada a bar yaran jirgi su zuƙe shi da tiyo a baki.

Maganin kwalba

Shi ya fi sauƙin samu a shagunan kayan mota, kuma shi aka fi yaudarar mutane da shi. Idan kwalba ta ce tana ƙara maki 10, maki ɗaya a wurinsu kashi ɗaya cikin goma ne na lamba ɗaya. Maki 10 ke nan daga 91 zuwa 92. Da yawa daga ƙananan kwalaben ma maganin wanke layin mai ne kawai. Waɗanda ke aiki na gaske yawanci suna ɗauke da MMT, sinadarin manganis, kuma suna iya ba da lamba ɗaya zuwa uku idan an bi ma'aunin da ke jiki. Alamarsu ita ce fulogi ya koma launin jan ƙasa. Wannan launin ba wata illa ba ce da farko, amma yana taruwa ya gajarta rayuwar fulogi da na'urar auna iskar hayaƙi a injinan da ke da ita. Ninka ma'auni ba ya ninka okten, datti kawai yake ninkawa. Hasken rana yana ruguza MMT, don haka kwalbar da ta shekara a tagar shago tana shan rana ba abin saya ba ce. Ga wanda giɓinsa lamba ɗaya ko biyu ne, kuma ba kullum yake fita ba, wannan ya fi toluwin sauƙi da aminci.

Itanol da metanol

Itanol yana da RON kusan 108, kashi 10 nasa yana ɗaga fetur da lamba biyu zuwa uku, kuma masu ƙera injin jirgi sun yarda da shi har kashi 10. Amma yana jan ruwa, jirgi kuwa a kan ruwa yake kwana. Da zarar ruwan tanki ya kai kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato kamar mililita 125 a lita 25, itanol ya rabu da fetur ya bi ruwan ƙasa. Bakin tiyo a ƙasan tanki yake, shi zai fara zuƙa. A tu-sitirok wannan ruwan ba baƙin mai a cikinsa, inji zai yi gudu a bushe, fetur ɗin da ya rage a sama kuma okten ɗinsa ya faɗi. Itanol na kasuwa ma da ruwansa yake zuwa, kashi 4 zuwa 5. Ba mu ba da shawarar kowa ya haɗa shi da hannunsa ba. Metanol ya fi muni, yana cin alminiyo da roba. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur da ya shigo ƙasar nan a watan Fabrairun 2022 ya lalata motoci, metanol ne ya yi yawa a cikinsa.

Man jirgin sama

Nan ake asarar inji. Man da manyan jiragen fasinja ke sha a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jet A1, kananzir ne. Okten ɗinsa can ƙasa yake, lita ɗaya a tanki ragewa za ta yi. Mai okten mai yawa shi ne na ƙananan jirage masu fistin, 100LL, shuɗi, kuma ba a sayar da shi a titi. Ko an samu, dalma gare shi har giram 0.56 a lita. Tana toshe fulogi, tana kashe na'urorin injin zamani, kuma hayaƙin injin jirgi ta cikin ruwa yake fita. Ajiwa da Zobe ruwan shan Katsina ne, Sabke na Daura, kifin ciki kuma kasuwa yake zuwa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Don Allah a bar wannan mai inda yake. Haka kafur da wasu ke jefawa a tanki: ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, sai toshe jet.

Fetur ɗin kansa

Haɗi mai kyau a kan mugun fetur aikin banza ne, kuma a nan mafi yawan matsalar take. Man bumburutu da ya kwana a jarka cikin zafin Afrilu, ana digiri 40 da wani abu, ya rasa sassansa masu saurin tashi, waɗanda okten ɗinsu ke da yawa. Wanda aka surka da kananzir ya fi haɗari. A saya a gidan mai da ke da ciniki, inda tanka ke yawan sauke sabo, a kuma yi gwaji uku masu arha. Ɗiga shi a farar takarda: fetur zalla ya bushe ba tabo, kananzir ko gas sun bar maiƙo. Ɗora jarka a sikeli: lita 20 na fetur suna tsakanin kilo 14.4 da 15.6 ban da nauyin jarkar, abin da ya haura haka akwai tambaya. Sai kwalbar awo mai mililita 100: zuba ruwa 10, cika da fetur 90, girgiza, bar shi ya kwanta. Idan ruwan ya hau daga 10 zuwa 15 ko 18, akwai itanol ko metanol a ciki. Matatar mai da ke raba ruwa, mai maikiron 10, a tsakanin tanki da inji ta fi kowace kwalbar magani amfani.

Wajen haɗawa, a yi a jarka a ƙasa, a fili, ba a cikin jirgi ba, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a gindin jirgi yana jiran tartsatsi. Da hunturu a kula sosai, busasshiyar iska tana sa jarkar roba ta tara lantarki. A zuba rabin fetur, a zuba toluwin ko maganin da aka auna da kofin awo, a girgiza, a cika. Idan tu-sitirok ne, baƙin mai na injin jirgin ruwa, mai lambar TC-W3, a lissafa shi a kan jimillar haɗin, ba fetur kaɗai ba: a ma'aunin 50 da 1, mililita 500 ne a lita 25. Kada a rage shi don neman okten. A haɗa abin da za a ƙone cikin mako biyu zuwa uku, a rubuta kwanan wata da ma'auni a jikin jarka.

Wanda bai riga ya sayi injin ba, ya buɗe littafinsa a gaban dillali ya duba layin mai. Idan an rubuta RON 90 ko 91, kowane gidan mai nagari daga Dutsin-Ma zuwa Mai'aduwa zai wadatar da shi. Idan 95 ne dole, ya lissafa kuɗin lita 3.3 na toluwin a kan kowane tankin lita 25, da kuɗin ɗauko shi daga Kano, ya ninka da yawan tankin da zai ƙone a wata, sannan ya kwatanta da farashin injin da ke shan fetur ɗin gidan mai.