Kwantena a ƙaramin jirgi: taswira ko shafin kamfani?

Alhaji, ka ce ejan ya gaya maka an sauke kwantenarka a Lome za a ɗora ta a ƙaramin jirgi, wanda suke ce wa fida, kana tambaya ko MarineTraffic, shafin da ke nuna jiragen ruwa a taswira, za ka riƙa dubawa ko shafin kamfanin da ya yi dakonta. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Shafin kamfani kwantena yake bi. Ka sa lambar B/L, wato takardar dakon kayanka, ko wadda ke jikin kwantenar mai haruffa 4 da lambobi 7, zai nuna maka ranar da aka sauke ta, jirgin da aka ɗora ta, da ranar da ake sa ran isowarta Apapa ko Onne. Aibinsa jinkiri, sai an taɓa kayan a tasha yake motsi.

MarineTraffic da VesselFinder kuwa jirgi suke bi, ba ruwansu da abin da ke cikinsa. Na'urar AIS ce ke aiko inda jirgin yake da gudunsa, eriyoyin bakin teku su kama. In ya yi nisa da gaɓa sai tauraron ɗan Adam, wannan kuma na kuɗi ne. Don haka kafin ka yi murna, duba yaushe aka sabunta wurin, ana iya nuna maka inda yake tun shekaranjiya. Wasu ma kashe na'urar suke yi a mashigin tekun Gini saboda 'yan fashi. Inda jirgin ya nufa da ranar isowa kuma da hannu ma'aikatansa ke rubutawa, sukan manta su canza. Amma taswira ce kaɗai za ta nuna maka jirgi ya kwana uku a bakin Legas yana jiran layi, wanda ejan ba zai faɗa maka ba.

A nan ne kuma za ka ga tsawonsa, tutarsa da shekarar ƙira. Galibin fida ba sa wuce kwantena 3,000 masu ƙafa 20. Kada ka neme shi da suna, waɗannan ƙananan jiragen haya ake ba da su, suna canza suna. Nemi lambar IMO, wato lambar shaidar jirgin mai lambobi 7, ita ba ta canzawa har a yanka jirgin.

Ni dai shafin kamfani nake fara buɗewa, sai ya tabbatar an yi lodi sannan in koma taswira. Na taɓa bin fida har tashar Tin Can a Legas, ashe tawa kwantenar tana Lome tana jiran na baya.